Sunan Amaryar Gidan Gada

A ƙauyen Hinokidani, da baƙo zai tsayar da mutum a hanya ya ce ya nuna masa gidan Tamaki, sai mutumin ya tsaya yana sosa ƙeya. Amma da zai ce Amaryar Gidan Gada, nan take za a nuna masa gida mai baƙin rufi da ke bakin rafi, a ƙara masa da cewa in bai same ta ba ya jira, tana can tana yi wa wani tsoho wanka.

Shekara talatin da huɗu ke nan da aka kawo ta. 'Yar masunta ce daga bakin teku, inda iska ke koya wa yara ɗaga murya tun suna ƙanana. Da ta gama sakandare ta samu aiki a motar 'yan yawon buɗe ido, tana tsayawa kusa da direba da makirfo a hannu, tana faɗa wa fasinjoji sunayen duwatsu da tsibirai. A cikin wannan motar ta haɗu da Obinata Morio, wanda ya zo ganin teku tare da ƙungiyar manoman ƙauyensu, ya yi ta amai tun daga tasha har bakin ruwa. Ita ce ta riƙa miƙa masa leda. Bayan shekara biyu ta biyo shi cikin duwatsu, ta ɗauki sunan gidansu, ta zama Obinata Tamaki a takarda.

A takarda kawai. A Hinokidani kowane gida da sunansa, wannan Gidan Gada, wancan Gidan Tudu, wancan Gidan Rijiya. Matar da aka auro kuwa Amarya ce har ranar da ɗanta zai kawo wata, sannan ta zama Inna, daga baya ta zama Kaka. Ɗan Tamaki ɗaya ne, ya yi aurensa a birni, shi da matarsa ba sa zuwa sai hutun sabuwar shekara. Babu wadda ta zo ta karɓe ta, sai sunan ya maƙale mata har furfura.

Ba ta taɓa jin haushin haka ba. Ta yi jinyar surukinta shekara bakwai, ta yi ta surukarta shekara huɗu. Kafin su rasu hannunta ya riga ya san yadda ake ɗaga tsoho ba tare da an ji masa ciwo ba. Sai ta karɓi aikin bi gida-gida tana yi wa tsofaffi wanka, tana yanke musu farce, tana duba ko sun sha magani. Gida ashirin da uku ne a hannunta. Ta san wanda ke son ruwansa da zafi sosai, ta san wadda ke ɓoye alewa a ƙarƙashin matashi.

Akwai wani aikin nata kuma da ke zuwa sau ɗaya a shekara huɗu. Majalisar ƙauyen kujera goma ce, kuma tun kafin a haifi Morio kowace unguwa ke tsayar da namiji ɗaya. Magidanta su taru a zauren unguwa, su sha giyar shinkafa, su fitar da suna. Mata na kicin suna dunƙula shinkafa suna soya awara, sai sun ji tafi su san an gama. Na Unguwar Gada shi ne Baffa Genzo, ƙanen mahaifin Morio, dogo mai faɗin goshi, wanda ya yi zango shida a kan kujerar. Duk shidan Tamaki ce muryarsa. Ta sa farar safar hannu, ta zauna a bayan mota mai lasifika, daga safe har duhu tana faɗin abu ɗaya: "Obinata Genzo ne, Obinata Genzo ne ke gaishe ku, sannunku da aiki." Muryarta na da wani kauri mai daɗi da ke hawa kwari ya dawo. Masu aiki a gona ba sa ɗago kai su karanta allon da ke saman motar, hannu kawai suke ɗagawa. Zaɓe biyu na ƙarshe ma yini ɗaya ta yi, don mutum goma ne suka fito neman kujera goma. Da yamma aka ce duk sun ci, kowa ya koma gonarsa.

Maganar bas ce ta taɓa wannan zaman. Wata ƙaramar bas ce ta ƙauyen, tana hawa Unguwar Sama ranakun Talata da Juma'a, ta sauko da tsofaffi asibiti da kanti, ta mayar da su kafin rana ta karkata. Ƙarshen hunturu aka raba takarda gida-gida cewa an kawo shawarar cire ta, kuma sabuwar majalisar da za a zaɓa a watan Afrilu ce za ta yanke hukunci a watan Yuni.

Ranar Tamaki na yi wa Kakar Gidan Tudu wanka, tsohuwa 'yar shekara tamanin da bakwai wadda bakinta ya fi ƙafarta ƙarfi.

"Amarya, an ce za su cire bas."

"Na ga takardar, Kaka. Ɗaga hannu."

"Wai mu takwas ne kacal muke shiga. Wa ya ƙirga mu? Ranar da suka zo ƙirgar ai ruwa ake yi."

"Ɗaya hannun."

"Ke dai ɗaga hannu, ɗaga hannu, sai ka ce a majalisa. In sun cire, da me zan je wajen likitan gwiwa? In hau bayan karen maƙwabta?"

Tamaki ta yi dariya, amma da ta fito ta zauna a motarta ta daɗe ba ta tayar ba. Da yamma ta ɗebi kayan lambun da ta tsuma da gishiri ta nufi gidan Baffa Genzo. Ya karɓe ta da fara'a, matarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, ta zuba musu koren shayi ta koma gefe ta zauna.

"Baffa, matan Unguwar Sama babu mai lasin tuƙi ko ɗaya."

"'Ya'yansu su kai su mana."

"Waɗanne 'ya'yan? Na birni?"

"Amarya, mun zauna mu goma mun duba maganar nan."

"Cikin ku goman wa ya taɓa shigarta?"

Baffa ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Mai mota me zai kai shi bas? Sha shayinki kada ya huce. Ki kula mini da maƙogwaron nan, Afrilu ta kusa."

Inna ta taso daga gefe. Ta ɗauki tsumma ta goge teburin da babu ko ɗigo a kansa.

Mako biyu Tamaki na juya abin a ranta. Wata safiya, Morio na kurɓar miyar miso, ta daddawar waken suya, ta ajiye masa kifi ta ce, "Zan fito takara."

"Ta me?"

"Ta majalisa."

Ya ajiye kwanon a hankali, ya dube ta, ya dubi kifin. "To ni wa zan rubuta, baffana ko mai dafa mini abinci?"

"Ka duba wanda za ka fi jin rashinsa."

"Baffa dai bai iya miya ba."

Ya ci gaba da cin abincinsa har ya kusa gamawa, sannan ya yi maganar da ta fi damunsa. Mai zaɓe da hannunsa yake rubuta sunan wanda yake so, da fensir, a kan farar takarda, kuma Morio ya taɓa zama a ɗakin ƙirga, ya san yadda ake yi da takardun.

"Ku biyu ne Obinata yanzu," in ji shi. "Duk wanda ya rubuta Obinata kawai ya tsaya, raba takardarsa ake yi tsakaninku, wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ɗauki babban kaso. Baffa zai cinye, ke ki tashi da ɓurɓushi. Sai an rubuta sunanki na kanki."

"To a rubuta mana."

"Wa ya san shi?"

Ta fara lissafi a ranta. Mai kawo wasiƙa ya sani. Bayan shi sai ta rasa wanda za ta ƙara. "Kai ma yaushe rabonka da kirana da shi?"

"Ai in na ce 'ke' kina juyowa."

Ranar Talatar da aka buɗe takara ta kai takardunta ofishin ƙauye, 'yan takara suka zama goma sha ɗaya. Wannan ɗayan da ya ƙaru shi ya jawo wa kowa aiki: sai an yi yawon neman ƙuri'a kwana biyar, sai an yi zaɓe ranar Lahadi, ga shi lokacin gyaran fadamar shinkafa ne. A kanti mutane suka yi ta ƙananan maganganu. Baffa Genzo ya ɗauko wata yarinya daga birni ta yi masa kira a mota, bai kuma aiko wa Gidan Gada da ko kalma ɗaya ba. Inna ce kawai ta zo da safe, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a ba ta aron babbar tukunyar shinkafa, wadda Tamaki ta saba kaiwa zauren unguwa da kanta duk lokacin zaɓe. Ta rungumi tukunyar, ta kalli ƙyallen da Tamaki ta rataya a kafaɗa mai ɗauke da sunanta, ta juya ta tafi.

Morio ya ɗaura lasifika a kan ƙaramar akori-kurarsa, Tamaki ta sa farar safarta ta zauna a gefensa. Aikin da ta fi kowa iyawa ne a kwarin nan. "Obinata Tamaki ce, Obinata Tamaki ce ke gaishe ku, sannunku da aiki." Da farko sunan ya yi mata nauyi a baki kamar na baƙuwa, amma kafin rana ta take ya saba. Duk gonar da suka wuce sai an ɗaga musu hannu. Tsofaffi suka riƙa leƙowa ta taga suna murmushi. Ta koma gida ranar Talata da farin ciki, har ta ce wa Morio ashe tsoron banza suka ji.

Ranar Laraba da hantsi suka hau Unguwar Sama. Kakar Gidan Tudu na zaune a bakin hanya a kan kifaffen akwati tana tsince irin dankali. Tamaki ta sauko ta rusuna.

"Amarya, na ji ki tun kina ƙasan kwari. Muryar nan ba ta tsufa. Ki ce wa Genzo ya kwantar da hankalinsa, shi zan rubuta, ko don ke."

"Kaka, ba Baffa nake yi wa ba. Ni ce na fito."

"Kin fito ina?"

"Takara. Ba ki ji sunan da nake kira ba?"

"Wa ke sauraron suna? Shekara ashirin da huɗu in na ji muryarki na san Genzo ne. Jiya ma tsohon Gidan Rijiya yake cewa bana Genzo ya yi arziki, mota biyu ya fitar." Ta ƙanƙance ido tana kallon ƙyallen. "Wannan rubutun na ƙirjinki fa? Ban fito da tabarau ba."

Da suka koma mota Morio ya riƙe sitiyari. Can ya ce, "Ashe kwana biyu Baffa muke yi wa aiki. Ko godiya bai aiko ba."

Tamaki ta miƙa hannu ta zare wayar lasifikar.

Saura kwana uku. Doka ta hana ɗan takara shiga gidajen mutane neman ƙuri'a, shi ya sa ma ta ɗauki hutu daga aikin wanka, kada a ce ta fake da soso. Ranar Alhamis ta tsaya a gaban kanti da hotonta a hannu. Mutane suka yi ta wucewa suna cewa, "Sannu Amarya," ta yi ta rusunawa har bayanta ya ƙage. Da ta dawo gida ta zauna a kicin ta jawo littafin aikinta, ba don komai ba sai don hannunta ya saba da shi. Ta buɗe. Ga su nan a jere da rubutunta, gida ashirin da uku, kowa da ainihin sunansa, don ofishin da take yi wa aiki ba ya karɓar Kakar Gidan Tudu. Kullum tana rubuta su, ba ta taɓa furta ko ɗaya ba.

Juma'a ranar bas ce. Kafin ƙarfe tara Tamaki na rumfar jiran mota ta Unguwar Sama, babu lasifika, babu safar hannu. Mata goma sha ɗaya ta tarar, kowace da jakarta a cinya. Ta fara da wadda ke bakin benci.

"Ina kwana, Tome."

Kakar Gidan Tudu ta waiga bayanta, ta ga babu kowa sai katanga. "Da wa kike?"

"Da ke. Ba sunanki ba ne?"

Tsohuwar ta shiga murza igiyar jakarta. "Rabon da in ji shi a bakin mutum tun rasuwar yayata. A asibiti ma sunan gidan mijina suke kira."

Tamaki ta matsa gaba. "Ina kwana, Shige. Yaya ƙugun? Ina kwana, Mitsu. Ina kwana, Kiku."

"Kiku?" in ji wadda ke kusa da ita. "Na manta ma sunan fure aka sa miki. Da wannan fuskar?"

"Ke kuma wa ya tambaye ki? Ranar da aka kawo ni unguwar nan mijinki ai kasa cin abinci ya yi."

"Haƙori ne ke masa ciwo."

Rumfar ta kaure da dariya, irin ta matan da suka daɗe ba su yi ta a waje ba. Tamaki ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta goma sha ɗaya, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da ta gama, Tome ta buga sandarta a ƙasa.

"To ke fa? Kin tone mu duka. Naki fa?"

"Tamaki."

"Tamaki. Ashe gajere ne, ni na ɗauka wani dogon abu ne." Ta buɗe tafin hannunta ta zana shi da yatsa, ta sake zanawa.

"Ranar Lahadi za a manna sunaye a gabanku inda za ku yi rubutu," in ji Tamaki. "Babu hoto. Obinata biyu ne. Ni ce mai Tamaki. In na shiga zan ce a bar muku bas ɗin nan. Ban ce za su yarda ba, na dai ce zan faɗa."

Bas ta iso. Ta riƙe musu hannu suka hau ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya tana rusune har motar ta sha kwana.

Sauran Juma'ar da duk yinin Asabar a ƙafa ta yi su, tana bin gefen fadama da takalmin roba. Duk macen da ta gani sai ta tsaya daga nesa ta kira ta da sunanta. Wasu su yi dariya, wasu su rufe baki da hannu, wata ma ta ce wannan rashin kunya ce, amma ita ma kafin Tamaki ta wuce sai da ta tambayi nata. Da la'asar ranar Asabar hanya ta biyo da ita ta bayan zauren unguwa. Tagar kicin a buɗe take, tururi na fitowa. Mata tara ne a ciki suna dunƙula wa mutanen Baffa shinkafa, ga tukunyarta a tsakiya, ga gurbin da ta saba tsayawa babu kowa. Ta tsaya a kan hanya ta gaishe su da sunayensu. Ta ƙarshe ita ce Inna.

"Sannu da aiki, Kinue."

Hannun Inna ya tsaya da shinkafa a ciki. Ba ta ɗago ba. "Wuce, Amarya. Baffanki na ciki."

Ranar Lahadi aka yi zaɓe a ɗakin wasannin makarantar firamare. Tamaki ta rubuta sunanta da fensir, ta duba shi sau biyu kamar na wata. An rufe akwati ƙarfe shida, kuma ƙirgar ƙauye irin nasu ba ta daɗewa. Morio, wanda ya je ya tsaya mata a ɗakin ƙirga, ya dawo miya ba ta gama hucewa ba. Ya cire takalmi, ya jera su, ya zauna.

"Baffa ɗari da goma sha takwas."

"Ni fa?"

"Sittin da ɗaya. Mai shagon katako na Unguwar Ƙasa sittin da huɗu, kuma da shi kuke neman kujerar ƙarshe. Akwai huɗu da suka rubuta Amarya kawai, an ajiye su gefe."

Tamaki ta gyaɗa kai, ta tashi za ta zuba masa abinci.

"Zauna, ban gama ba. Takarda tara Obinata kawai aka rubuta a kansu. An raba. Baffa ya ɗauki kusan shida, ke kin samu uku da ɗan ɓurɓushi."

"Sittin da huɗu ke nan."

"Da ɗan ɓurɓushi. Shi ba shi da ɓurɓushin." Ya jawo kwano. "Da takwas ne ba tara ba, da kin faɗi. Zuba mini, Kansila."

Ta kwana da tausayin tsofaffin nan tara, waɗanda a ganinta sun tsaya da fensir a hannu sun manta sauran sunan.

Da safe tana shanya a bakin rafi sai ga Inna da tukunya, an wanke ta tas tana ƙyalli. Ta ajiye ta a bakin ƙofa, ta ƙi shiga.

"Yaya Baffa?" in ji Tamaki.

"Yana nan yana ƙirga waɗanda suka ci amanarsa. Jiya goma ne, yau da safe sun kai sha biyar."

"Inna, ban yi don in ɓata masa ba."

"Na sani." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Shekara hamsin ina rubuta abin da aka ce in rubuta. Jiya na ɗauki fensir na rubuta Obinata, sai na tsaya. In sa nasa, ga bas, kuma ni ma gwiwar nan ta fara. In sa naki, da wane ido zan zuba masa shayi? Sai na ninke takardar a haka na jefa. Na ce su raba."

Tamaki ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. "Ke kaɗai?"

"Ni dai tawa na sani. Mu tara ne a kicin, kowa da hannunta." Ta juya za ta tafi, ta ɗan tsaya. "Gindin tukunyar ya ɗan kama, na kankare. Sai an jima, Tamaki."

A zaman farko sabuwar majalisa ta zaɓi Baffa Genzo shugaba, don shi ne ya fi kowa daɗewa. Shugaba shi ke ba da izinin magana, kuma tun da Obinata biyu ne a ɗakin, sai ya kira cikakken suna. Ranar maganar bas, a watan Yuni, Tamaki ta ɗaga hannu daga kujerar ƙarshe ta kusa da ƙofa. Baffa ya dube ta ta saman tabarau.

"Amar..." Ya yi gyaran murya, ya duba takardar gabansa. "Kansila Obinata Tamaki."

Ta miƙe. Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce an ce mutum takwas ne ke shiga bas, ita ta bi ta Talata da Juma'a har mako shida, ta samu goma sha tara, kuma da izininsu za ta karanto su. Ta fara karantawa a hankali, kowace da ainihin sunanta da inda take zuwa. Mazan suka yi ta kallon juna, don yawancin sunayen ba su san masu su ba. Sai da ta kai na goma sha uku wani kansila na Unguwar Sama ya ɗago kai da sauri.

"Dakata. Wannan ai innata ce."

"Ita ce. Ranar Juma'a take zuwa karɓar maganin ido."

"Ta ce mini maƙwabta ke kai ta."

"Ba ta son ta ɗauke ka daga gona."

Aka yi ta jayayya har bayan abincin rana. A ƙarshe biyar suka ɗaga hannu, huɗu suka ƙi, shugaba ba ya ɗagawa. An bar bas ɗin Juma'a, ta Talata kuwa an cire. Tamaki ta so ta samu duka biyun, ta kuma faɗa a fili cewa za ta dawo da maganar baɗi. Baffa ya rubuta wani abu a takardarsa bai dube ta ba. A bakin ƙofa, suna sa takalma, ya ce mata yarinyar nan ta birni ba ta da murya ko kaɗan, kamar sauro a cikin kwalba.

Har yau yawancin mutanen Hinokidani Amarya suke ce mata, tana kuma amsawa. Ta koma aikin wankanta, sai dai ranakun zaman majalisa wata ke karɓar mata. Ranar Juma'a da safe, in bas ta sauko daga Unguwar Sama za ta haye gada, direba ya saba rage gudu, don ya san akwai tagar da za a buɗe. Tome ce ke leƙo da kai.

"Tamaki, ina Talatar tamu?"

"Ina kan nema, Tome."

"Ki yi sauri, ni ba yarinya ba ce."

Sai ta ja tagar ta rufe, bas ta haye.